Kafin a Goge Kwamfuta, a Karanta Abin da Ta Rubuta

A shagunan gyaran waya da kwamfuta na Birnin Konni akwai wata cuta da ba ta yanke zuwa. An danna maɓalli, fanka ta juya, tambarin kamfani ya bayyana, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko ya cika da fararen rubutu ya tsaya cak. Maganin da ya fi saurin fitowa daga bakin mai gyara shi ne a goge komai a sake zuba Windows. Wannan gaggawar tana ci mini rai. Malamin makaranta da ya taso daga Illela, ko ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza, zai koma gida da na'ura mai tashi amma takardunsa na shekaru sun tafi, alhali sau da yawa faifan ajiyar lafiyarsa ƙalau.

Kafin Windows ko Linux ya farka, wata ƙaramar manhaja ce ke fara aiki, wadda ke zaune cikin wani ɗan guntu a jikin babban allon ciki. Masu gyara BIOS suke ce mata, ko da yake ta sababbin na'urori sunanta UEFI. Ita ke tada sassan kwamfutar, sannan ta miƙa ragama ga kanel, wato zuciyar Windows ko Linux. Tare da ragamar tana ba shi bayanin gida: ga batir, ga fanka, ga yadda ake kashe wuta. Tsarin wannan bayani shi ne ACPI, wanda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Idan bayanin nan ya zo da kuskure, kamar direba ne da aka ba baƙuwar mota aka kwatanta masa birki a inda ba nan yake ba. Komai gwanintarsa, tafiya ba za ta yi nisa ba.

Kamfanoni da yawa da Windows kaɗai suke gwada wannan bayani. Har ta kai idan BIOS ta tambayi Linux ko shi Windows ne, yakan amsa da e, don kada a tura shi hanyar da ba wanda ya taɓa bi. Wani lokaci abin yakan wuce tsayawa. A farkon 2013 wasu kwamfutocin Samsung sun mutu murus bayan an tada Linux a kansu, kuma bincike ya nuna aibin yana cikin UEFI ɗinsu. A ƙarshen 2017 Ubuntu 17.10, wani nau'in Linux, ta kulle BIOS na wasu na'urorin Lenovo, har aka janye ta aka sake fitarwa a Janairun 2018.

A wajenmu, inda kwamfutoci da yawa na hannu ne, mai laifin ya fi wannan ƙanƙanta. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe agogo da saitin BIOS. Idan ya tsufa, a wasu na'urori saitin yakan koma na asali. Faifan da aka girka shi a kan saitin AHCI sai ya wayi gari a kan wani saitin daban, RAID, kanel ya neme shi ya rasa. Windows zai nuna shuɗin allo, Linux kuwa zai ajiye ka a baƙin allo da kalmar initramfs. Alamar farko ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya. A canza batirin, a mayar da saitin, shi ke nan.

Idan Linux ne ya ƙi tashi, a jerin zaɓin GRUB, wato manhajar da ke tada Linux, a danna e, a share quiet da splash, domin su ke ɓoye rubutun da kanel ke yi yana tashi. Layukan ƙarshe kafin ya tsaya su ne sukan nuna inda ciwon yake; a ɗauki hotonsu da waya. In allo ne ke baƙi, a gwada rubuta nomodeset a wurin. Shi kuwa acpi=off na gwaji ne kurum: in na'ura ta tashi da shi an gano mai laifi, amma barinsa yana iya hana ta sanin cajin batir da zafin jikinta, kuma wanda ya san bazarar jihar Tawa ya san wannan kasada ce. A leƙa Secure Boot ma, wanda ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012, don yakan ƙi kanel da ba shi da sa hannun da ya sani.

Wannan ilimi zai ƙara daraja. Microsoft ta ƙare tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Linux ne zai tsawaita ran da yawansu.

Saura sabunta BIOS, wanda yakan warkar da aibin daga tushe. Nan ne nake roƙon masu gyara su yi hattara. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, kwamfutar tana iya daina nuna ko tambari, sai an buɗe ta an sake rubuta guntun da na'ura ta musamman. Wanda babban batirin kwamfutarsa ya mutu, kada ya dogara da wutar layi kaɗai. Ya nemi shagon da ke da sola da batir mai riƙe wuta, ya kuma kwashe takardunsa a filas kafin a fara.