Yadda za a bar wa tsirran akwariyom taki idan mai gida ya tafi hutu

Lokacin babban hutun makarantu ko bukukuwan salla, iyalai da dama kan rufe gida su yi tafiyar mako biyu ko uku. Mai akwariyom, wato akwatin gilashin da ake kiwon kifi da tsirrai a cikinsa, yakan tafi da fargabar abin da zai tarar: ganyaye sun yi rawaya, ko gansakuka ta lulluɓe gilashi, ko kuma kifaye sun mutu. Irin wannan lambu na cikin ruwa ya bazu a duniya ne ta hannun mutane irin su Takashi Amano, ɗan ƙasar Japan da ya rasu a 2015, kuma yana buƙatar kulawa kusan kullum.

Tsirran ruwa na rayuwa da haske, da iskar CO2, da kuma taki. Manyan sinadaran takin su ne nitrat, fosfat da potasiyom, sai ƙananan da suka haɗa da sinadarin ƙarfe. Waɗannan uku tafiya ɗaya suke yi. Idan haske ya yi yawa, tsiro yakan ci taki da sauri, idan kuma takin ya ƙare haske na nan, gansakuka ce ke cin riba.

A nan ne ƙaramin famfon awon taki, wanda ake kira "pompe doseuse" da Faransanci, ke shigowa. Wasu ƴan ƙafafu ne ke juyawa suna matsa siririn tiyo na roba, suna turo ruwan takin kaɗan-kaɗan daga kwalba zuwa akwati a lokacin da aka tsara masa. Amfaninsa a fili yake, amma haɗarinsa shi ne ba ya gani. Idan aka yi kuskure wajen saiti, zai maimaita kuskuren kowace safiya har mai gida ya dawo.

Shi ya sa awo ke zuwa farko. Ana kunna famfon na minti ɗaya, a tari abin da ya fitar a sirinji ko kofin awo. Idan ya ba da mililita 30, ke nan rabin mililita yake bayarwa a kowace daƙiƙa, kuma mai son mililita 3 a rana zai ba shi daƙiƙa 6. Ya kamata a haɗa na'urar aƙalla mako guda kafin tafiya, a yi wa kwalbar alama da biro, a riƙa duba ko ruwan na sauka daidai da lissafi. Na'urar da aka saya jiya aka haɗa daren tafiya ita ce ta fi jawo asara.

Abu na biyu shi ne rage yawan takin. Shahararren tsarin da Ba'amurke Tom Barr ya yaɗa ya ginu ne a kan zuba taki da yawa, sannan a canja rabin ruwan akwatin kowane mako domin a wanke rarar. Wanda ya yi tafiya ba zai canja ruwa ba, don haka duk rarar taruwa za ta yi. Mafi aminci shi ne a rage takin zuwa kamar rabi, a kuma rage hasken fitila zuwa awa 6 a rana da agogon kunnawa da kashewa. Tsirran za su rage girma, amma ba za su mutu ba. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, sai a datse dogayen rassa, a cire ruɓaɓɓun ganyaye, a canja rabin ruwa.

Akwai kuma ƙananan matakai da ke hana babbar ɓarna. Kada a haɗa fosfat da sinadarin ƙarfe a kwalba ɗaya, domin sukan haɗe su kwanta a ƙasa, tsiro ya kasa cin moriyarsu, sai dai idan takin da ma an haɗa shi haka tun daga masana'anta. Bakin tiyo ya tsaya a saman ruwa, kada ya nutse, kwalbar kuma kada ta fi akwatin tudu, don kar takin ya ci gaba da zuba da kansa. Sannan a zuba wa kwalbar abin da tafiyar ke buƙata da ɗan ƙari kawai. Mililita 3 a kwana 14 ya kama 42, don haka 50 sun isa. Ko na'urar ta rikice, ba za ta iya juye rabin lita a kan kifaye ba.

A birane irin su Yamai, Maraɗi da Damagaram akwai ƙarin matsala biyu: ɗaukewar kuran da zafi. Kafin tafiya a zare na'urar daga wuta na ɗan lokaci a mayar, a ga ko tana riƙe saitinta da agogonta. Zafin watannin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwa da sauri, kuma yayin da ruwa ke raguwa sinadaran suna nan, sai su ƙara kauri. Murfi na rage wannan, amma gara a samu wanda zai riƙa ƙara ruwa zuwa alamar da aka yi a gilashi.

Wanda ba shi da famfo ma bai rasa mafita ba. Tsirran da ke cin abinci ta saiwa sukan wadatu da ƙwayoyin taki da ake binnewa a ƙasan akwati, waɗanda ke narkewa a hankali tsawon makonni. Idan maƙwabci ne zai riƙa leƙowa, a auna masa takin kowace rana a sirinji daban, a rubuta ranar a jiki, a ɓoye babbar kwalbar da gwangwanin abincin kifi. Tafiyar da ba ta wuce mako guda ba kuwa, rage haske kaɗai ya isa, takin ya jira dawowar mai gida.