Daga Samaru zuwa Zanzibar: Gari kamar gida, amma teku baƙo ne

Duk wanda ya saba bin titin Sakkwato daga Sabon Gari zuwa Samaru ya san ƙananan jiragen saman da ke shawagi a kan Palladan. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne, wadda aka kafa a 1964. Inda suka tashi nan suke sauka, ba sa ɗaukar fasinja. Saboda haka Bazazzagin da ya yi niyyar hutu a wani tsibiri, tafiyarsa a mota take farawa, daga Kwangila zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ko kuma ya nufi Abuja.

Cikin tsibiran da kamfanonin shirya tafiye-tafiye ke tallata wa ’yan Najeriya a Instagram da Facebook, Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya na sahun gaba, musamman ga sababbin ma’aurata. Hotunan iri ɗaya ne: farin rairayi, shuɗin ruwa da itatuwan kwakwa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ranar farko, wadda a cikinta ne baƙo ke gyara hutunsa ko ya ɓata shi.

Kuma ba ƙaramin kuɗi ake zubawa ba. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, Dalar da ake saya a hukumance a kan kusan Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga malamin Jami’ar Ahmadu Bello ko ɗan kasuwar Sabon Gari, hutun mako guda tanadin watanni ne.

Takardu kafin rairayi

Tsibirai ba su cika yi wa koren fasfo maraba hannu bibbiyu ba. A watan Yulin 2023 ƙasar Seychelles ta taƙaita shigar ’yan Najeriya masu zuwa yawon buɗe ido. Tanzaniya ba ta rufe ƙofa ba, amma ta daɗe da sanya Najeriya cikin ƙasashen da ba a buga wa ’ya’yansu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida ta intanet, an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran kan ɗauki makonni. Wanda ya riga ya biya tikiti da otal kafin biza ta fito, ya sayi kifi a ruwa.

Bayan biza akwai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya. Sannan tun daga 1 ga Oktoban 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta Dala 44 daga kamfanin inshorarta, ko da mutum yana da wata.

Dalilin wannan ƙarin ƙa’ida yana cikin tarihi. Zanzibar ta haɗe da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilun 1964 aka samu Tanzaniya, amma ta riƙe shugabanta da majalisarta. Ko wanda ya tsallako a jirgin ruwa daga Dar es Salaam, tafiyar kusan sa’o’i biyu, sai an duba fasfonsa a tashar. Mafi yawan masu tashi daga Kano ko Abuja kuwa ta Addis Ababa suke bi da jirgin Habasha, su sauka kai-tsaye a filin jirgi na Abeid Amani Karume.

Daga hunturu zuwa gumi

Zariya tana kan tudu ne, sama da mita 600 daga doron teku, kuma iskarta busasshiya ce a mafi yawan shekara. Wanda ya bar Samaru a watan Disamba da rigar sanyi da man leɓe, yana fitowa daga jirgi zai ji kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo. Zanzibar tana kudu da tsakiyar duniya, don haka lokacin hunturun Arewa shi ne lokacin zafinsu. Ruwan sama mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙarami kuma a wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba ne iska ke da daɗi.

A bakin filin jirgin abubuwa uku ke jiran baƙo: canjin kuɗi zuwa shilin na Tanzaniya, layin waya, da cinikin mota. Masu canji kan ƙi karɓar tsofaffin takardun Dala. Ledar da aka ƙunso kilishi ko dambu a ciki ma abin lura ce, domin Tanzaniya ta haramta ledar cefane tun 1 ga Yunin 2019.

A kan titi kuma, motoci hannun hagu suke bi, yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. Mai tsallaka hanya sai ya fara duba dama. Daga filin jirgi zuwa tsohon birni, wanda aka fi sani da Stone Town, ’yan mintuna ne. Zuwa Nungwi a ƙarshen arewacin tsibirin kuwa ya fi sa’a guda. Akwai motocin haya masu arha da ake kira daladala, amma mai akwatuna da iyali gara ya ɗauki shata, ya kuma gama ciniki kafin a ɗora kaya.

A otal, kafin a karɓi makulli, yana da kyau a tambayi abin da kuɗin ɗaki ya ƙunsa, domin akwai harajin gwamnati na kowane dare da wasu otal-otal ke karɓa daban. Abu ɗaya da ba ya ba da wahala shi ne caji, don soket ɗinsu mai baki uku ne irin na gida.

Alƙibla ta koma arewa

Da an ajiye kaya, abin da Musulmi zai fara nema shi ne alƙibla, kuma a nan ne mamaki na farko yake. A ƙasar Hausa idan aka ce mutum ya fuskanci gabas, an san salla yake yi. A Zanzibar wanda ya kalli gabas ya kalli Tekun Indiya. Makka tana kusan saitin arewa ne sak da tsibirin, har ma a Swahili kalmar kibla tana ɗaukar ma’anar arewa.

Ban da wannan, garin ba baƙo ba ne ga mutumin Zazzau. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Zanzibar sun kusa miliyan 1.9 a manyan tsibirai biyu, Unguja da Pemba, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. A masallacin Kizimkazi da ke kudancin Unguja akwai rubutun Larabci mai ɗauke da shekarar Hijira ta 500, wato 1107. Yawancinsu mazhabar Shafi’iyya suke bi, don haka wanda ya taso a Malikiyya zai ji liman ya bayyana Bisimilla, ya kuma yi ƙunutin Asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku’u.

Harshen ma yana da ƙofofi a buɗe, saboda Hausa da Swahili sun sha daga rijiya ɗaya ta Larabci. Alhamisi da Ijumaa ba sa buƙatar tafinta. Haka dunia da baraka da sababu. Asubuhi safiya ce, sabuni sabulu, hatari kuma hatsari. A wurin ciniki ɗan Sabon Gari zai tsinci lissafinsa: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini. Kanumfarin da ake aunawa a kasuwannin Zariya su karafuu suke ce masa, kuma shi ne amfanin gonar da ya ɗaukaka tsibiran tun zamanin Sarkin Oman Sayyid Sa’id, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar a ƙarni na 19.

Da yamma a lambun Forodhani da ke bakin ruwa a tsohon birni, masu gashi kan jera tebura da fitilu. Akwai mishkaki, ɗan’uwan tsire, da ruwan rake da ake matsewa a gaban mai saye, da wata miya mai tsami da ake kira urojo. Akwai kuma pweza, halittar ruwa mai hannuwa takwas, wadda mutumin tudu kan daɗe yana kallo kafin ya kai baki.

Ƙarfe biyu ba ƙarfe biyu ba ne

Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da sa’o’i biyu, kuma waya kan gyara wannan da kanta. Wanda waya ba ta gyarawa shi ne lissafin Swahili, da ke fara ƙirga sa’o’i daga fitowar rana. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, wato sa’a ta ɗaya. Idan mai kwale-kwale ya ce za a tashi saa mbili, sa’a ta biyu ke nan, ƙarfe takwas yake nufi. Bambancin sa’o’i shida ne cif. Baƙon da bai tambaya ba, sai ya tarar jirgi ya daɗe da tafiya da kuɗinsa.

Inda sabo ya ƙare

Duk wannan kamanni yana ƙarewa ne a bakin rairayi. Ruwan da ɗan Samaru ya sani shi ne madatsar Kubanni ta jami’a, da kogin Galma, da kududdufan damina. Waɗannan ruwaye ne da ke tsaye ko suke gangarawa gefe guda. Teku kuwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana.

A gabashin Unguja, a ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, ruwan kan janye da nisa ƙwarai, har baƙon da ya iso da rana ya ɗauka an yaudare shi da hoto. A lokacin ne matan ƙauyen ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, wadda ake busarwa a sayar ƙasashen waje. Filin yana jan mutum ya yi ta tafiya yana ɗaukar hoto. Hatsarin shi ne idan ruwan ya juyo, yakan fara cika kwaruruwan da ke tsakanin mutum da gaɓa, sai ya waiga ya ga hanyar komawa ta zama kogi. A cikin duwatsun kuma akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya, shi ya sa ba a shiga ba takalmi.

Mai bin kwanan wata yana da abin dogaro a nan. Cika da janyewar sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Otal-otal da dama kan liƙa jadawalin kowace rana, kuma duba shi ya kamata ya riga sauya tufafi. Mai son ruwan da ba ya nisa da gaɓa, Nungwi da Kendwa a arewa sun fi dacewa da shi, sai dai a can zurfin yana kusa.

Su kansu ’yan tsibirin ba duka suka iya ninƙaya ba. A Nungwi akwai wani shiri mai suna Panje da ke koya wa yara da mata iyo cikin tufafin da suka rufe jiki. Mutanen yankin ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a watan Satumban 2011 a hanyar Pemba da ɗaruruwan rayuka ba, ga kuma Skagit da ya kife a Yulin 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa ta kashe kusan mutum 300,000 a duniya a 2021. Don haka kafin shiga kowane kwale-kwale, ko zuwa tsibirin Changuu ne mai manyan kunkuru da ake hangowa daga birni, rigar ceto ita ce abin tambaya na farko, ta babba da ta yaro.

Gari biyu a tsibiri ɗaya

Akwai wani abin da iyali daga Zariya ya kamata su sani tun kafin su zaɓi masauki. Bakin rairayin manyan otal-otal duniya ce daban da cikin ƙauye. A can ana sayar da giya, ana kiɗa har dare, Turawa na kwance da kayan wanka. Taku kaɗan a baya kuma mata ne da hijabi da yara masu dawowa daga makarantar allo. A 2021 gwamnati ta yi gargaɗin cin tarar baƙin da ke yawo cikin gari da shigar da ba ta dace ba, kuma a watan Azumi ba a yarda da cin abinci a bainar jama’a da rana ba.

Akwai masaukan da ba sa sayar da giya, musamman a tsohon birni da ƙananan gidajen baƙi na ƙauyuka, amma sai an tambaya kafin a biya. Haka kuma samarin bakin ruwa da ake kira papasi za su yi ta tallan yawon jirgi da na gonakin kayan ƙamshi. Wanda ya iya ciniki a kasuwar Sabon Gari ba za su ba shi wahala ba, muddin bai biya kuɗi gaba ɗaya ga wanda bai san inda zai same shi gobe ba.

Hanya mafi sauƙi ga mai zuwa karon farko ita ce ya kwana ɗaya ko biyu a tsohon birni, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Nan zai huta gajiya, ya saba da kuɗi da agogo, ya ga ƙofofin katako masu sassaƙa, da cocin Anglican da aka gina a filin kasuwar bayi bayan rufe ta a 1873. Daga nan sai ya nufi bakin teku da rana tsaka, ya nemi jadawalin ruwa, ya tambayi masunta inda ake shiga da inda ba a shiga. Matambayi ba ya ɓata, kuma rairayin yana nan har gobe.