Tsohuwar Jif Mai Araha: Sayenta da Sauƙi, Riƙonta Ne Aiki

Duk wanda gonarsa ko garinsu ke ƙarshen hanyar burji ya san cewa da damina ƙaramar mota ba ta kai mutum gida. Shi ya sa manomi, ɗan kwangila da mai safarar hatsi ke neman mota mai jan ƙafa huɗu: Hilux, Prado, Pajero ko Pathfinder. Sabuwa dai ta fi ƙarfin kusan kowa. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne, 'yar Kwatano ma ta fara gagarar mai matsakaicin hali, ya koma neman wadda ta riga ta sha wuya a hannun mutum biyu ko uku a cikin gida.

Dalilan a fili suke. Daga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan ta rufe iyakokin a Agustan 2019. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta haraji ta lambar shasi, kuɗin fito ya ƙaru. Babban bugu ya zo a 2023: an saki naira, dalar da ake samu a kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Motar da ake saye da dala dole ta bi dala.

A 2023 ɗin ce kuma aka janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 1,000 a 2024. Nan ne tarkon yake. Masu manyan motoci da yawa sun ga ba za su iya shayar da su ba, suka kai wa dillalai. Sai ga tsohuwar jif mai silinda shida ko takwas a farashin da ke jan hankali. Amma dalilin da ya sa mai ita ya rabu da ita, shi ne zai bi sabon mai ita har gida. Irin wannan inji kan sha lita 15 zuwa 20 a kilomita 100, kusan ninki biyu na abin da Corolla ke sha. Mayar da ita mai amfani da gas yana rage kashe kuɗi, sai dai gidajen sayar da gas ɗin suna birane, ita kuwa motar don ƙauye aka saye ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake duba motar. Mai saye yakan kalli fenti, ya kunna na'urar sanyaya ciki, ya zaga unguwa a kan kwalta, shi ke nan. Ba a saka giyar ƙafa huɗu an shiga rairayi da ita ba, alhali saboda ita ake biyan kuɗin. Akwai motocin da bakanike ya cire sandar da ke juya tayoyin gaba don kauce wa gyara mai tsada, suka zama jif a suna kawai. Shasi ma sai an shiga ƙarƙashi da tocila. Motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa na cin ƙashin bayansu a ɓoye. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasancin kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma, Tundra da Sequoia. Wasu motocin kuma daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka kwaso su, aka yi musu kwalliya.

Hilux ce ba ta yin araha ko ta tsufa, don kayan gyaranta na nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, kuma ko a ƙaramin gari akwai bakaniken da ya san cikinta. Pajero ta fi sauƙin kuɗi, amma Mitsubishi ya daina ƙera ta a 2021, abin da mai niyyar riƙe mota shekara goma ya kamata ya saka a lissafi.

A ganina, mai ƙaramin jari kada ya zuba duk abin da ke hannunsa a kuɗin saye. Ya ware wani kaso don tayoyi, shokazoba da giyabos, ya tafi da bakanikensa ba na dillali ba, ya kuma tantance takardun kwastan kafin ya biya, domin motar da ba a biya mata haraji ba ana iya ƙwace ta a shingen farko.