Cutar "Sai Gobe" Da Darasin Da Ke Cikin Allo

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a wannan sashe ya san wata cuta da ba a zuwa asibiti dominta, wato "sai gobe". Ni ta kama ni ne a hutun da ya wuce, lokacin da na koma gida Danchuwa, kusa da Potiskum, da niyyar gama babi na biyu da na uku na kundina. Kundin kuwa a kan kalmomin da Karai-Karai, harshen da na sha a nono, ya aro daga Hausa ne. Na tafi da jaka cike da littattafai, ga mako shida a hannu. Mako huɗu suka shuɗe ban cika ko shafi guda ba.

Abin mamaki, ba kwanciya nake yi ba. Na taya babana aikin gona, na share ɗaki, na jera littattafan nan har sau uku. Kundin kaɗai nake kewayewa kamar mai kewaye rijiya da dare. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa mai jinkirta aiki galibi yana gudun ɓacin ran da aikin ke tayar masa ne: tsoro, ko gundura, ko shakkar kansa. Da ya ce "sai gobe" sai ya ji sanyi a ransa nan take, ya bar wa gobe ɗawainiyar. Nawa tsoron na san shi. Na tashi ina cewa "mota ya zo", sai a makaranta na koyi "ta zo", har yau kuma idan na ɗauki biro sai in hango jan biron malam a kan jinsi da ƙa'idojin rubutu. Waya ba ita ta haifar da wannan tsoro ba, mafaka kawai ta zame mini. Da zarar jimla ta cije sai hannu ya kai WhatsApp, daga nan TikTok, kafin in farga an kira azahar.

Maganin ban same shi a littafi ba, a tsangayar da ke bayan gidanmu na gan shi. Tun ina yaro nake jin karatun almajiranta, amma sai a wannan hutu na lura da yadda aka tsara aikin. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, wato sumuni 480 ke nan. Babu alaramman da zai dubi kolo ya ce masa je ka haddace Alƙur'ani. Abin da allonsa zai ɗauka, kuma kansa zai iya riƙewa, shi ake rubuta masa. Ya yi ta maimaitawa, ya zo ya biya a gaban malam, idan ya zauna a wanke allo a ɗora sabon rubutu. Yaron bai taɓa fuskantar izu 60 gaba ɗaya ba, allo guda kawai yake fuskanta. Ni kuwa kullum na zauna "babi na biyu" nake sa wa gaba, abin da ba shi da baki ba shi da iyaka, ina zai kamu?

Haka lokacin ma ba a bar wa almajiri ya zaɓa ba. Akwai karatun asuba, akwai na dare a bakin wuta, ranar hutu kuma sananniya ce. Ba ya tashi yana shawara da zuciyarsa ko yau yana jin karatu. Gardawa ma har kiskadi suke fita, su kafa bukkoki a bayan gari nesa da kasuwa da hira, su duƙufa kan tilawa. Ashe tun kafin a ƙirƙiro waya mutanenmu sun gane cewa nisantar abin shagala ya fi sauƙi a kan zama kusa da shi ana kokawa da zuciya.

Mu ɗaliban Hausa muna da misali a cikin manhajarmu. A 1936 Rupert East ya aro Abubakar Imam daga makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, ya kawo shi Zariya. Aka ɗauke masa aji, aka tara masa littattafan labarai na Larabci da na Turai, ga kuma East yana duba abin da ya rubuta suna tattaunawa. Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, yana ɗan shekara 25. Hazaƙar Imam ba abar musu ba ce, amma a ganina mun cika faɗarta muna mantawa da yanayin da aka yi aikin: an raba shi da sauran hidimomi, an yanka masa wa'adi, sannan akwai mai jiran ya ga rubutun. Shi ma dai yana da wanda yake biya wa allo.

Da mako biyun da suka rage sai na kwaikwayi almajirai. Na ɗauko ƙamus ɗin Karai-Karai da aikin binciken harsunan Yobe, wanda Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka jagoranta, ya fitar a Potiskum a 2004. Na yanka wa kaina allo: kalma 10 kowace rana, ba ƙari ba ragi, kowacce in rubuta yadda Bahaushe ke furta ta, da yadda muke furta ta, da sautin da ya sauya. Bayan sallar asuba nakan miƙa wa innata wayar ta jefa a cikin kwallarta, ba ta dawowa hannuna sai hantsi. Kwana ukun farko na sha wuya, har na taɓa zuwa ina roƙonta. Ta ce, "Kai ka ce kada in ba ka, koma ka zauna." Da la'asar kuma in kai wa kawuna abin da na rubuta in karanta masa. Bai yi boko ba, amma ya fi ƙamus jin harshen, kuma sanin cewa yana zaune bisa tabarma yana jirana ya hana ni tsallake ko rana guda. Kunyar zuwa masa hannu rabbana ta rinjayi tsoron jan biro.

Na dawo makaranta da kalma 140 da daftarin babi na biyu. Babi na uku bai samu ba, mako huɗun da na zubar sun tafi da shi, dole na nemi ƙarin lokaci. Jan biron da nake gudu kuwa ya sauka, kusan kowane shafi sai da malam ya zana, har da wurare biyu da na mai da mace namiji. Gyaran duka bai ɗauke ni fiye da yini biyu ba.