Katin barka da salla: yadda ake buga hoto a sa mishi launi

Kusan kowane gida yana da wani a nesa. Wani yana Yamai, wani yana Kano, wani ya tafi ci-rani Abijan ko Kumasi. Yanzu da kuka iya rubutu, ba sai kun nemi mai rubuta muku wasiƙa ba. Kuna iya yin katin barka da salla da hannunku, da hoto da launi, ku aika musu. Wanda ya gwanance kuma yana iya kai nashi kasuwa ya saida.

Aikin kashi biyu ne. Da farko a buga hoto da hatimi. Bayan haka a sa mishi launi da ruwa. Wajen haɗa biyun nan ne mutane ke ɓata takarda, ga takarda da tsada.

Hatimi ba shi da wuya. Ka samu sakaina mai kauri, ka goga ta bisa dutse har ta daidaita. Ka zana abu mai sauƙi: raƙumi, rumbu, zangarniyar hatsi, ko wata da tauraro. Sai ka sa aska ka sassaƙe duk inda ba ka so ya fito, ka bar layin hoton a tsaye. A Gana, da irin wannan hatimin ƙwarya ake buga ado bisa zanen da suke kira adinkra. Tsohon takalmin soso ya fi sakaina daɗin yanka, yara ma suna iyawa. Abu guda za ka riƙe: hatimi yana juya hoto. Raƙumin da ke duban dama bisa hatimi, hagu zai duba bisa takarda. Don haka kada mai koyo ya sassaƙa baƙaƙe. Gaisuwa da hannu za a rubuta ta.

Yanzu maganar tawada, kuma ita ce babba.

Na taɓa zuwa wani aji na tarar sun buga katuna da tawadar allo. Hotuna sun fito baƙi ƙirin, gwanin kyau. Da aka ɗiga ruwan launi, sai raƙuma suka narke, takarda ta koma kamar ƙasan murhu. Laifin ba na hannunsu ba ne. Tawadar allo da baƙin tukunya ko gawayi ake yin ta, a haɗa da ƙaro, shi kuwa ƙaro yana narkewa cikin ruwa. Shi ya sa almajiri ke wanke allonshi. Tawadar da ake buga hatimin ofis da ita ma, yawancinta tana bazuwa in ta ji ruwa.

Mafita uku ne. In kana da wanda ya sani a gidan buga takardu, ka roƙi tawadarsu kaɗan. Da mai ake yin ta, ruwa ba ya motsa ta in ta bushe. In babu, ka yi taka: daka bagaruwa, jiƙa ta, zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, ka bari kwana 4 ko 5. Ruwan zai yi baƙi, kamar yadda fatar da aka jeme da bagaruwa ke yin baƙi in dukawa sun shafa mata ruwan ƙarfe. Ka tace, ka shanya ya yi kauri, ka sa ƙaro kaɗan ƙwarai. Ka zuba bisa tsumma mai ninki, ka danna hatimi a kai, ka buga. Katin ya kwana kafin launi ya taɓa shi. Hanya ta uku ita ce ta mai gaggawa: ka fara sa launi, ya bushe sarai, sannan ka buga hoto bisa shi. Da wannan ko tawadar allo ta yi.

Ko wace ka ɗauka, gwada ta tukuna bisa guntun takarda. Buga, bari ya bushe, ɗiga ruwa, duba.

Launin ruwa da ake saidawa cikin ƙananan akwatuna a kanti, garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro. Ƙaron nan na dakwara ne, irin wanda ake tsinka a dajinmu ana kai shi ƙasashen waje. Ke nan rabin kayan yana hannunmu. Ja daga karan dafi. Rawaya daga gangamau. Shuɗi daga bular wanki. Ruwan ƙasa daga shayi mai ƙarfi ko goro. Tsanwa kuwa, a haɗa shuɗi da rawaya. A jiƙa ƙaro daban, a tace, a zuba rabin cokalin shayi cikin kowane finjali na launi. Ruwan zoɓo yana ba da ja mai kyau, amma ban cika yarda da shi ba: yana juyewa bisa takarda, kuma rana tana cinye shi. Gangamau ma ba ya son rana, kuma in ya taɓa kanwa sai ya koma ja.

Abin shafawa: gashin kaza, ko auduga da aka naɗa bisa tsinke, ko asuwaki da aka tauna bakinshi ya yi laushi. Kowane launi da nashi. A ajiye ƙoƙo biyu na ruwa, ɗaya na wanki, ɗaya mai tsabta.

Takardar kaye ta yi sirantaka, tana jin ruwa sai ta tattare. Nemi takarda mai kauri, ko farin kwali marar santsi.

Wajen shafawa, fara da launi marar ƙarfi, mai ruwa da yawa. Kana iya ƙara duhu daga baya, amma ba ka iya cire shi. Babu farin launi a wannan aiki. Inda kake son fari, kamar rawani ko wata, ka bar takarda yadda take. In kana tsoron launi ya shiga wurin, goga mishi kyandir tukuna, ruwa ba ya zama bisa kakin.

In sama kake so ko rairayi, jiƙa wurin da ruwa zalla, sannan ka taɓa shi da launi. Zai bazu da kanshi, ba tare da layi ba. In kuwa ƙaramin wuri ne, kamar sirdin raƙumi ko ƙofar rumbu, takarda ta zama busassa, abin shafawa kuma kada ya yi ɗigo. Kada ka sa launi kusa da wani wanda bai bushe ba, za su shiga juna. Inuwa ana yin ta da shafa ta biyu, gefe guda kawai, bayan ta farko ta bushe. In ruwa ya yi yawa, danna busasshen tsumma a ɗauke, kada a goga. Goga ita ke huda takarda.

Lokacin hunturu iska tana busar da launi kafin ka kai ƙarshen layi, sai ya bar tabo. Ka zauna cikin ɗaki, ka yi wuri guda ka gama. Ga wata dabara da yara ke so: barbaɗa gishiri kaɗan bisa shuɗi tun yana ɗanye. In ya bushe ka kakkaɓe, za ka ga kamar taurari.

A shanya katuna a inuwa. In sun bushe, a jera su tsakanin alluna biyu, a ɗora dutse, su kwana su miƙe. Sannan kowa ya ɗauki bik ya rubuta gaisuwarshi da sunanshi a ciki. Mai aika nashi da direba ya sa shi cikin leda, musamman da damana, don ƙaron da ke cikin launin yana narkewa in ya sake jin ruwa.