Lababon gilashi a ƙasar Damargu: a duba kafin a saya

Mai gina sabon gida a Tanut ko Balbeji yanzu ba ya tsayawa ga buta da daro kaɗai. Ya ga hotuna a waya, ya leƙa shagunan kayan gini a Damagaram ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya hango lababo, wato kwanon wanke hannu, na gilashi, shuɗi ko kore, yana ƙyalli a kan teburinsa, famfo mai dogon wuya ya sunkuyo masa. Abin da kyau kam. Sai dai waɗanda suka ƙera shi ba su yi lissafi da rairayinmu da ruwanmu ba.

Gilashin lababo na kirki ba irin na taga ba ne. Ana gasa shi a wutar da ta haura digiri 600, a sanyaya shi farat ɗaya da iska, sai ƙarfinsa ya ninka na gilashin gama-gari kamar sau 4. In ya fashe kuma, ƙanana-ƙanana yake tarwatsewa, ba ya barin dogayen tsinaye masu yanka. Saboda haka a tambayi mai shago ko gasasshe ne, a auna kaurinsa. Milimita 12 shi ne abin da aka saba gani a mai inganci. A shafa leɓensa da yatsa tun a shago, domin rauninsa a baki yake. Ɗan ɓalli guda ya isa ya tarwatsa shi wata rana ba wanda ya taɓa shi. Ga shi daga Damagaram zuwa Tanut kusan kilomita 150 ne a kan hanyar Agadas, mai zuwa ƙauyukan Tarka kuwa da sauran tafiya a gabansa. A bar shi cikin kwalinsa da sosonsa, kada a ɗora masa buhun siminti ko tayil.

Babban abokin gabansa a nan shi ne rairayi. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri. In iskar hunturu ta kwantar da ƙura a kansa, aka zo da busasshen tsumma aka goge, to karce shi ake yi a hankali, har ƙyallin da aka saye shi dominsa ya dushe. A fara zuba ruwa ya kwashe ƙurar, sannan a sa tsumma mai laushi. Toka da yashi da soson ƙarfe, waɗanda iyayenmu mata ke fito da hasken tukunya da su, kada su kusance shi, kuma gara a faɗa wa yaran gida wannan tun ranar farko. Inda ruwan rijiya ko na fanfo ke barin farin tabo bayan ya bushe, gilashi ya fi kowane mazubi tona asiri. Ruwan lemun tsami na cire tabon, amma aiki ne na kullum.

A madafa kuwa, ni ban ga dalilinsa ba sam. Tukunyar dalma tana da nauyi, muciya da ludayi na suɓucewa, ga tafasasshen ruwan taliya da za a tsiyaye cikin gilashin da ya kwana cikin ɗarin watan Janairu. Zafi da sanyi in suka haɗu masa lokaci guda yana iya tsagewa. Nan wurin ƙarfen da ba ya tsatsa ne, wanda ake kira inoks.

Akwai kuma batun alwala. Mutum ya wanke fuska da hannaye, ya zo kan ƙafa, sai ya ɗaga ta ya ɗora a bakin lababo. Na tangaran ma da ƙyar yake jure wannan, balle kwanon gilashin da ke zaune a kan ɗan zobe. Wanda ya san a nan za a riƙa alwala, ya sa a yi masa famfo ƙasa-ƙasa da dakalin zama a gefe.

Tun kafin duk wannan, ruwan fa? Damargu ƙasa ce mai rijiyoyi masu zurfi, gidaje da yawa da jarka da tano suke rayuwa. Ruwan da aka wanke hannu da shi a daro ana ba ɗan icen tsakar gida. Wanda ya bi bututu ya tafi ke nan, sai in an karkata bututun zuwa gindin itace. Gidan da ba shi da tanki a sama, lababonsa ado ne kawai.

In duk an cika waɗannan sharuɗɗa, wurin da ya dace da lababon gilashi shi ne makewayin baƙi ko gefen falo, inda wanke hannu kaɗai ake yi. Ranar kafawa a tsaya a kan mai gyaran famfo: ya sa zoben roba tsakanin gilashi da ƙarfe, ya ɗaure magudanar da hannu, kada ya matse ta da sifana, kada kuma ya ce zai faɗaɗa ramin, don gasasshen gilashi ba ya hudawa. Yawancin irin wannan lababo ba su da ƙofar rarar ruwa, saboda haka gidan da ake mance famfo a buɗe lokacin da ruwa ya ɗauke, a zaɓi magudanar da ba ta da matoshi.