BABI NA UKU: FASAHAR ZANE TA ZAMANI DA MATSALAR WURIN BAJE KOLINTA A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sana'o'in gargajiya da ake samu a yankin Tsafe da Gusau da Bunguɗu. Wannan babi zai dubi yadda fasahar zane ta zamani ta shigo ƙasar Hausa, da kuma dalilin da ya sa mai zane a ƙaramin gari irin 'Yankuzo ke rasa wurin da zai nuna aikinsa. Za a kawo misalai daga Zariya da Kafanchan da Oshogbo domin a fito da abin da zai taimaka wajen buɗe ƙaramin zauren baje kolin zane a irin wannan yanki.

3.1 Ma'anar Zauren Baje Kolin Zane

Abin da ake nufi da zauren baje kolin zane shi ne wurin da aka keɓe don rataye ko jera ayyukan masu fasaha, jama'a su shigo su kalla, mai buƙata kuma ya saya. Ya bambanta da gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, inda ake adana kayan magabata ba don sayarwa ba. Zauren baje koli yana hulɗa ne da masu fasahar da ke raye. Mai zauren kuwa tamkar dillali yake, domin shi ke haɗa mai zane da mai saye, ya ɗauki la'adarsa.

3.2 Wuraren Nuna Fasaha a Gargajiyance

Bahaushe ya daɗe da sanin zane, sai dai bai ware masa ɗaki na musamman ba. Magini yakan yi adon dagi da sauran zane-zane a fuskar soro, duk mai wucewa ya gani. Maɗinki yakan zuba aska biyu ko aska takwas a gaban babbar riga, a gan ta ranar salla ko wurin ɗaurin aure. Mai zanen ƙwarya da baduku da marini kasuwa ce ke nuna aikinsu. Haka kuma malami yakan ƙawata allon zayyana da launuka domin bikin saukar Alƙur'ani. A ɗakin amarya ma akwai jere, inda mata kan shigo musamman don ganin yadda aka tsara kwanuka da tasoshi, su yaba ko su kushe.

Wannan ya nuna cewa a wurin Bahaushe kowane zane yana tare da wani amfani, kuma yana da lokacinsa da masu kallonsa. Saboda haka zanen da aka yi a kan ƙyalle aka sa masa firam don a rataye kawai baƙon abu ne. Abin lura kuma shi ne, baje koli mafi shahara da aka shirya a kan fasahohin Hausawa a birnin Landan aka yi shi a shekarar 1976, a ƙarƙashin jagorancin David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello.

3.3 Shigowar Zanen Zamani ta Zariya

A shekarar 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Wannan kwaleji ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman sashen Turawan Ingila ne, kuma tsarin makarantun ƙasarsu suke koyarwa. A 1958 wasu ɗalibai, waɗanda suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Manufarsu ita ce mai zane ya karɓi dabarun zamani, amma ya gauraya su da fasahar da ya gada daga al'ummarsa. Ƙungiyar ta watse a 1961, sai dai tasirinta ya game makarantun zane na ƙasar nan.

Mafi yawan waɗannan ɗalibai daga kudu suka fito, kuma can suka koma da iliminsu. Akwai irin su Jimo Akolo da suka zana makaɗan Hausawa da mahaya dawaki. Daga baya malamai irin su Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, da Jerry Buhari suka ci gaba da raya sashen. Duk da haka kasuwar zanen ta fi kafuwa a Legas da Abuja, inda masu saye suke. Ke nan Arewa ta samu makarantar, amma cinikin ya tafi wani wuri.

3.4 Misalan Ƙananan Wuraren Baje Koli

Misali na farko shi ne cibiyar al'adu da Uche Okeke ya fara a Kafanchan, garin da ya tashi, a ƙarshen shekarun 1950, tun yana ɗalibi. Ya tara zane-zane da littattafai da kayan gargajiya a cikinta. Cibiyar ce daga baya ta koma garinsu Nimo ta zama Cibiyar Asele.

Misali na biyu shi ne Mbari Mbayo da Duro Ladipo da Ulli Beier suka buɗe a Oshogbo a 1962, a cikin gidan iyalin Ladipo. An haɗa baje kolin zane da kaɗe-kaɗe da wasan kwaikwayo, abubuwan da mutanen gari suka riga suka saba da su. A 1964 Georgina Beier ta gudanar da bita ga matasan da ba su yi karatu mai zurfi ba, kuma daga cikinsu aka samu Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda suka yi suna har ƙasashen waje. Sai dai yawancin masu sayen ayyukansu baƙi ne, wanda hakan rauni ne da ya kamata a lura da shi.

Waɗannan misalai sun nuna cewa ba sai da babban gini ake farawa ba. Abin da ake buƙata shi ne mutum mai kishi, da ɗaki, da kuma hanyar jawo mutanen gari.

3.5 Matsalolin Buɗe Zaure a Yankin 'Yankuzo

Matsala ta farko ta shafi addini. Malamai da dama suna ƙyamar zana surar abu mai rai, musamman sassaƙa mutum-mutumi, kuma Jihar Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999. Zauren da ya fara da rubutun zayyana da adon gine-gine da zanen tsirrai da duwatsu, kamar dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu, zai fi samun karɓuwa, domin babu saɓani a kan irin waɗannan.

Matsala ta biyu ita ce ta masu saye. Manomi ba zai sayar da buhun gero ya sayi zanen ratayewa ba, amma yakan biya kuɗin hula mai aiki ko kayan ɗakin 'yarsa. Don haka wajibi ne zauren ya haɗa zanen zamani da kayan da ake amfani da su, ya kuma jawo masu zanen allon shago da na jikin motoci, waɗanda su ne masu zanen zamani da talaka ya fi sani.

Matsala ta uku ita ce ta tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi Ƙaramar Hukumar Tsafe, har a watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a jihar na wani lokaci. Idan kasuwa ba ta ci, to masu sana'ar hannu sun rasa wurin nuna aikinsu na asali, wasu kuma sun yi hijira zuwa Gusau. Wannan na iya jawo ɓacewar fasahar da ake koya daga uba zuwa ɗa. A nan ne zauren baje koli ke da wani amfani na daban, wato tattara ayyukan da adana sunayen masu su. Zai fi dacewa a fara shi a Gusau ko Tsafe, a riƙa kawo aikin ƙauyuka, tare da neman haɗin kan makarantu da masarautu.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Bahaushe yana da wuraren nuna fasaharsa tun kafin zuwan Turawa, kuma zanen zamani ya shigo ta Zariya amma kasuwarsa ta kafu a kudu. An kuma ga cewa ƙaramin zaure yakan ɗore ne idan ya ginu a kan abin da jama'a suka sani, ya kiyaye addininsu, ya kuma dace da ƙarfin aljihunsu. Babi na gaba zai dubi ire-iren zanen da ake yi a bangon gidaje da shaguna a garin 'Yankuzo da kewaye.